Wankin Ciki: Tarihin Tsohon Zargin da Ake Yi wa Hanji

A ƙarni na 5 kafin miladiyya, masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya rubuta wata ɗabi'a ta mutanen Masar da ta ja hankalinsa. Ya ce a kowane wata sukan ware kwana uku a jere suna wanke cikinsu, da maganin sa amai da ɗurin ruwa ta dubura, domin a ganinsu duk wata cuta daga abinci take tasowa. Ya shaide su da cewa in aka cire Libiyawa babu al'ummar da ta kai su lafiya, amma shi bai ba wankin cikin lada ba. Yanayin ƙasar ya yaba, wanda ba ya yawan sauyawa.

Kusan shekara 2,500 ke nan, kuma kasuwar ba ta tashi ba. Mai lasifika a tasha da kwalaben tsiminsa, da mai tallan shayin wanke jiki a Instagram, alkawari biyu suke yi wa mai saye: za su fitar masa da dattin da ya taru a ciki, kuma za su ƙarfafa masa garkuwar jiki. An saba jin alkawuran a numfashi ɗaya har ana zaton tagwaye ne, alhali tazarar da ke tsakanin haihuwarsu ta fi shekara 3,000. Na farko ya yi zamani da fir'aunoni. Na biyu bai cika shekara 150 ba. Kuma ana iya nuna mutumin da ya fi kowa hannu wajen ɗaura musu aure, a birnin Faris, a farkon ƙarni na 20.

Masarawa ba da ka suka yi tunaninsu ba. Al'umma ce da ta ƙware wajen adana gawa, masu wannan sana'a kuwa sun san cewa ruɓa daga ciki take farawa, shi ya sa suke fara cire kayan ciki. Likitocinsu suka ɗora a kan haka. Suka ce ragowar abincin da ya daɗe a hanji yana haifar da wani ruɓaɓɓen abu da suke kira wekedu, wanda ke bin magudanan jiki ya tsiro a wani wuri a matsayin mugunya ko raɗaɗi. Takardar likitanci ta Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin miladiyya, cike take da magungunan sa zawo, har da 'ya'yan zurma. A fadar fir'auna ma akwai likitan da muƙaminsa, in aka fassara shi kai tsaye, shi ne makiyayin dubura.

Girkawa sun sauya bayanin, suka bar maganin yadda yake. A wajen Jalinus, likitan ƙarni na 2 miladiyya, lafiya ita ce daidaituwar ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u. Wanda ya yi yawa ko ya gurɓata sai a fitar da shi, ta jijiya ko ta baki ko ta ƙasa. Hunainu ɗan Is'haƙ ya mayar da littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Ibnu Sina ya tsara ilimin a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025. Likitocin Larabawa sun yi wa duniya alheri guda a nan, domin su suka yaɗa sanamaki, wanda ya fi magungunan zawon Girkawa sauƙi nesa ba kusa ba. Ta wannan hanyar ilimin ya iso ƙasar Hausa, ya tarar da filasko da ƙahon wanzami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya keɓe ɗan littafi guda ga sanamaki da yadda ake sassauta ciki da shi, ya kuma yi wani a kan basir. Ganyen na aiki, babu tantama, har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Gardamar ba a kan ko yana sa bayan gida take ba. A kan abin da ake cewa yana fitarwa take.

Inda aƙidar ta kan kai idan aka bi ta ba sassauci, ƙarshen George Washington ya nuna. A ranar 14 ga Disamba 1799 shugaban Amurka na farko ya kwana da kumburin maƙogwaro. Kafin dare ya sake yi an zubar masa da jini fiye da lita biyu, an ba shi maganin amai, an ɗura masa maganin zawo mai zaiba. Ya rasu a daren, a hannun likitoci uku da ba wanda ya zarge su da jahilci a zamaninsu.

Da Louis Pasteur da Robert Koch suka tabbatar da cewa ƙwayoyin halitta ne ke haddasa cututtuka da dama, an yi tsammanin tsohon ra'ayin zai bi ruwaye huɗu zuwa kabari. Sai ya sami sabuwar riga. Madubin bincike ya nuna cewa babban hanji maƙare yake da bakteriya, masana sinadarai a Jamus kuma suka riƙa tsamo abubuwa masu ɗoyi daga ruɓaɓɓen nama da bayan gida suna raɗa musu suna. A 1887 Charles Bouchard, babban farfesan likitanci a Faris, ya wallafa laccocinsa a kan abin da ya kira gubar da jiki ke yi wa kansa. Ya cancanci yabo guda: ya yi ƙoƙarin aunawa. Yakan ɗebi fitsarin mutum ya yi wa zomo allurarsa a jijiya, ya lissafa yawan da ke kashe zomon. Aibin gwajin shi ne allurar jijiya tana tsallake duk shingayen da jiki ya kafa tsakanin hanji da sauran gaɓoɓi. Zomayen sun mutu, amma mutuwarsu ba ta ce komai ba game da mutumin da ya kwana biyu bai zaga ba.

Daga nan Ilya Mecnikof ya shigo labarin. Masanin dabbobi ne, haifaffen yankin Karkif a daular Rasha a 1845, mutum mai zafin kai da saurin shiga ƙunci. A ƙarshen 1882 yana zaune a Messina da ke tsibirin Sisili, yana nazarin 'ya'yan wata halittar ruwa da ake kira tauraron teku, waɗanda jikinsu garau yake kamar gilashi. Ya lura da wasu ƙwayoyi da ke yawo a cikinsu, sai ya tsinko ƙayar furen wardi ya soka musu. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga wannan ya gina ra'ayin da ya juya likitanci: fararen ƙwayoyin jini da ake gani a cikin mugunya ba su ne cutar ba, ba kuma jigilarta suke yi ba kamar yadda wasu manyan masana suka ɗauka. Mayaƙa ne da ke cinye baƙon da ya kutso. Kumburi da zafin miki, waɗanda tun zamanin Masarawa ake ɗauka alamar ruɓa, ashe alamar yaƙi ce. Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a cibiyarsa a 1888, kuma a 1908 ya raba lambar Nobel da Paul Ehrlich na Jamus. Duk mai cewa garkuwar jiki a yau, da gadon waɗannan mutane biyu yake magana.

Amma da Mecnikof ya haura shekara hamsin sai tsufa ya zame masa abin bincike da abin tsoro. Ya ɗauko ra'ayin Bouchard ya haɗa da nasa. A bayaninsa, bakteriyar babban hanji na fitar da guba a hankali, gubar na raunana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi, sai mayaƙan nan su juyo su cinye na gida. Hatta furfura ya ce aikinsu ce, wai launin gashi suke lashewa. Ya kafa hujja da tsuntsaye irin su aku, masu tsawon rai da gajeren hanji, ya yanke cewa babban hanji kayan gado ne da ɗan Adam ya daina buƙata. Ga wurin da alkawuran biyu suka haɗu: a tsabtace hanji, garkuwar jiki ta zauna lafiya.

Maganin da ya kawo mai taushi ne. Ya lura cewa madarar da ta yi tsami ba ta saurin ruɓewa, abin da kowace mai tallan nono ta sani ba tare da madubi ba. Ya ji labarin yawan masu shekara ɗari a ƙauyukan Bulgeriya, inda kindirmo yake abincin yau da kullum, ko da yake alƙaluman shekarun ba masu ƙwari ba ne. A watan Yunin 1904 ya yi lacca a Faris a kan tsufa, jaridu suka ɗauka, kafin a ce me Turai ta rikice da neman madara mai tsami. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano bakteriyar da ke tsamar da ita. Shi kansa Mecnikof kullum sai ya sha, ya kuma daina cin ɗanyen abu. Ya rasu a 1916 da ciwon zuciya yana da shekara 71. Bayan shekara uku Isaac Carasso ya kafa Danone a Basalona, yana sayar da yogot a shagunan magani. Ba a jima ba Leo Rettger na Jami'ar Yale ya nuna cewa bakteriyar Bulgeriya ba ta ma iya zama a hanjin mutum.

Kindirmo dai bai kashe kowa ba. Wuƙa ce ta yi kisa. William Arbuthnot Lane na asibitin Guy's da ke Landan yana cikin gwanayen tiyata na zamaninsa. Yana cikin waɗanda suka fara ɗaure karyayyen ƙashi da faranti da kusoshin ƙarfe, kuma tsabtar aikinsa ta zama abin koyi, domin ba ya bari hannu ya taɓa cikin rauni. Irin wannan mutum idan ya yi kuskure, da gwaninta yake yin sa. Lane ya gamsu cewa tsayuwar ɗan Adam a kan ƙafa biyu ta sa hanji ya zazzago ya lanƙwashe, har bayan gida ke makalewa. Ya jingina wa wannan makalewa ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da sanyin hannu, da baƙin rai, har da sankarar mama. Da farko yakan yi wa hanjin ratse, ya haɗa ƙaramin hanji da ƙarshen babba. Daga baya ya koma cire babban hanjin ɗungurungum. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin mata ne, a zamanin da babu maganin kashe bakteriya, ƙarin jini kuma bai zama abin dogaro ba. Da yawa ba su tashi ba.

A Amurka abin ya zama kasuwanci. John Harvey Kellogg, shugaban gidan jinya na Battle Creek a jihar Michigan tun 1876, ya mayar da ɗurin ruwa ta dubura ibadar kullum ga attajiran da ke zuwa wurinsa, yana bin sa da yogot, wani ta baki wani ta ƙasa. Ƙanensa ne ya kafa kamfanin Kellogg's a 1906. Abincin karin kumallon da ke cikin kwali a manyan kantuna a yau, jikan tsoron hanji ne.

A 1913 Ƙungiyar Likitoci ta Masarautar Ingila ta yi zama bayan zama a kan gubar hanji, likitoci da dama suka yi magana, aka tashi ba wanda ya iya nuna gubar ko ya faɗi yawanta a jinin mara lafiya ko ɗaya. A asibitin Lane ɗin kansa, Arthur Hertz ya riga ya bi tafiyar abinci a cikin mutane da hoton ƙashi, ya ga cewa masu lafiya ƙalau ma hanjinsu kan zazzago, kuma kowa da saurin cikinsa. A 1919 Walter Alvarez, likita a Kalifoniya, ya yi tambayar da ta fi kowace sauƙi: in guba ce a jini ke kawo nauyin kai da kasala, me ya sa suke gushewa cikin 'yan mintuna da zarar mutum ya zaga? Wanda ya bugu ba ya wartsakewa don an fasa kwalbar. A 1922 Arthur Donaldson ya kammala hujjar. Ya sa maza biyar suka riƙe bayan gida kusan kwana huɗu, suka sami ciwon kai da dusashewar tunani da farin harshe, kuma duk suka warware jim kaɗan bayan an sauke musu. Sannan aka cusa auduga zalla a dubura, alamomin suka dawo. Ashe miƙewar bangon hanji ce ke aika saƙo ta jijiyoyi. Wahalar mai taurin ciki gaskiya ce, fassarar da aka yi mata ce ba daidai ba. Lane bai taɓa janye ra'ayinsa ba, amma ya ajiye wuƙa, ya kafa wata ƙungiyar wayar da kai a 1925 yana wa'azin burodi mai dusa da 'ya'yan itace da hasken rana, shawarar da ta fi tiyatarsa tsawon rai.

Abin mamakin shi ne, amsar tambayar tana ajiye tun kafin a fara yankan. Sai an koma baya zuwa Rasha. Duk jinin da ya taso daga hanji, ta wata babbar jijiya yake bi ya shiga hanta kafin ya isa zuciya. A 1877 wani likitan soja, Nikolai Eck, ya gwada karkatar da wannan jijiya a jikin karnuka don jinin ya tsallake hanta. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa suka maimaita aikin da kyau, suka ga cewa idan aka ba irin waɗannan karnuka nama sai su fara tangaɗi, su rikice, su yi farfaɗiya, wasu su suma su mutu. Wato hanji yana haifar da guba da gaske, mafi shahara a cikinta amoniya, amma akwai mai gadi a bakin ƙofa. A 1932 Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana yadda hanta ke juya amoniya zuwa yuriya, ƙoda ta zubar a fitsari. Ƙodojin kuwa suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi. An shekara aru-aru an bar jaki ana dukan taiki.

Aikin hanta ba irin na rariya ba ne da za ta toshe a ce sai an wanke. Sarrafawa take yi. Masanin sinadarai ɗan yankin Wales, Tecwyn Williams, wanda littafinsa na 1947 ya kafa wannan fanni, ya nuna cewa mataki biyu ne: a fara sauya fasalin baƙon sinadarin, sannan a liƙa masa wani abu da zai sa ya narke a ruwa ya fita. Matakin farko yana da haɗarinsa, domin wani lokaci shi ke mayar da abu guba. Afalatoksin, dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, sai ya shiga hanta yake zama mai lalata ƙwayoyin gado, kuma idan ya tarar da ciwon hanta nau'in B haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa. Saboda haka kalmar "ƙara wa hanta ƙarfi" ba ta da ma'ana guda. Shanya gyaɗa da kyau da allurar rigakafin ciwon hanta sun fi kowane shayi kusa da abin da kalmar ke nufi. Kasancewar abu ganye kuma ba ta wanke shi: a farkon shekarun 1990 mata fiye da ɗari a Beljiyam suka sami lalacewar ƙoda bayan shan haɗin ganyen rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai dafi bisa kuskure.

Tsohon ra'ayin bai mutu duka ba, ya dai koma gwargwadonsa. Mutumin da hantarsa ta gaza yana cikin halin karnukan Pavlov, kuma tun 1966 ana ba irinsa laktulos, maganin sassauta ciki, don rage amoniyar da ke rikita masa hankali. Wannan wankin ciki ne na haƙiƙa, mai sanannen dalili. Mecnikof ma ya sami rabin gaskiya, sai dai a juye. Dabbobin da aka raina ba tare da bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba, garkuwar jikinsu ba ta ƙosawa. Bakteriyar babban hanji na cin dusar hatsi da ɓawon wake da ganye, ta samar da abincin da bangon hanjin ke rayuwa a kai. A 2013 likitoci a Amsterdam suka nuna cewa dasa bayan gidan mai lafiya a hanjin mai fama da wani naci na zawo ya fi maganin kashe bakteriya aiki, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Abin da Lane ya yanke mutane don ya raba su da shi ya zama magani. A 2021 wani ƙaramin gwaji na mutum 36 a Jami'ar Stanford ya ga cewa mako goma na cin abinci mai tsami irin yogot ya ƙara yawan nau'o'in bakteriyar hanji, ya rage wasu alamomin kumburi a jini. Ƙaramin gwaji ne, kuma bai yi alkawarin shekara ɗari ba.

Ta ɓangaren garkuwar jiki, hujjar da ta fi ƙarfi daga cike giɓi ta zo, ba daga ƙari a kan wadata ba. A 1986 Alfred Sommer ya wallafa sakamakon aikinsa a ƙauyukan Aceh na Indunisiya, inda ba yara bitamin A sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga irin wannan bincike ne ɗigon da ake yi wa yara a baki lokacin makon lafiyar uwa da yaro ya samo asali. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin ne ke amfana. Wanda ya wadatu, ƙarin na iya zame masa guba, kuma hantar ce ke ɗaukar nauyin.

Yadda fitar da guba take idan gubar tana da suna, Zamfara ta gani. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta na-gari na-kowa, MSF, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 sun mutu. A jinin da yawa daga waɗanda suka rayu, dalmar ta wuce iyakar abin da na'urar gwajin tafi-da-gidanka ke iya karantawa. Akwai magani, ƙwayar DMSA, wadda ke damƙe dalma a jini ta fita da ita ta fitsari, ana kuma sake auna jinin don a ga ko ta sauka. Amma likitocin sun kafa sharaɗi: ba za a ɗora yaro a kan magani ya koma gidan da ya gurɓata ba, domin abin da aka fitar da safe zai koma da yamma. Sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, ana binne ta a ramuka na musamman, ana zubo sabuwa. A Dareta da 'Yargalma an yi haka tun a 2010. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi jiran kuɗin aikin har zuwa farkon 2013, kuma sai da gidajen farko suka sami sabuwar ƙasa sannan yaranta suka fara haɗiyar maganin.